Kwalbar Asibiti

Nas ta dawo daga ɗakin gwaji ba komai a hannunta. Ta sunkuya kusa da Likita Ankra ta yi magana da harshen Ga, ta manta a unguwar Mamobi aka haifi Ayishetu, Ga ba ya ɓuyar mata.

"Sun ce ba su da sunanta. Kwalbar ba ta je wurinsu ba."

Likita ya ajiye alƙalami. Ya dubi Ayishetu, ya dubi mijinta Gafaru da ke zaune gefenta da hula a kan gwiwa.

"Ranar da aka yi aikin, wa aka ba kwalbar?"

Ayishetu ba ta sani ba. Ranar ba ta san inda kanta yake ba. Abin da ta sani shi ne abin da ya kawo ta ɗakin nan tun farko. Shekarunta ashirin da shida, aure shekara biyu, ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, sai jini da ya riƙa zuwa ba lokacinsa ba. Likitan farko ya ce sankara ce a bakin mahaifa, wata iri wadda ba a cika gani ba, kuma magani ɗaya ne, a cire mahaifar gaba ɗaya. Ta ɗauki jakarta ta fita. Ta bar wa maƙwabciya rumfarta ta shinkafa da man gyaɗa a Kasuwar Malam Atta, ta yi ta bin asibitoci, har aka kwatanta mata Likita Ankra, wanda bai daɗe da dawowa daga Faransa ba.

Shi ya zana mata hoto. Wannan ɗaki ne, wannan ƙofarsa. Ciwon a ƙofa yake, kuma ƙarami ne. Zai yanke ƙofar ya ɗinke wurin, ya bar ɗakin, wata rana ɗa ya kwanta a ciki. Amma da sharaɗi. Naman da ya yanke za a sa a kwalba a kai wa masu gwaji su duba gefensa a madubi. In gefen lafiya lau yake, wuƙa ta wuce ciwon, mahaifa ta tsira. In ciwon ya kai gefe, akwai saura a ciki, mahaifa za ta fita.

Amsar nan ta zo karɓa yau.

"Ni aka ba," in ji Gafaru.

"Ka kai?"

"Na kai. Juma'a ce, kuma an ɗauke wuta. Na tarar sun kulle. Mai gadi ya ce in dawo Litinin."

Shekarar ce ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, ana rabon wuta unguwa-unguwa, kowane ofis na tashi lokacin da ya ga dama. Likita ya gyaɗa kai. Wannan ba sabon labari ba ne a wurinsa.

"Litinin fa?"

Gafaru ya juya hular a kan gwiwarsa.

"Na biya Mamobi in gaya wa mahaifiyarta an fito lafiya. Ta ga leda a hannuna, ta tambaya. Na faɗa mata. Ta miƙo hannu. Da na koma Litinin ta ce ta binne."

"Ku mutanen Zango," in ji nas, ba da ƙarfi ba. Likita ya ɗaga mata hannu, ta fita.

Ayishetu ta juya ta dubi mijinta. Tun da aka sallame ta tana jinya a ɗakin Mma, mahaifiyarta, kullum da yamma yana zuwa da lemo da burodi, ya zauna bakin ƙofa ya ba ta labarin firijin da ya gyara da wanda ya gagara. Ko sau ɗaya bai ɗauko maganar kwalba ba.

"Da kwalbar ta binne," Likita ya tambaya, "ko ta fitar da naman?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ka tambaya ba."

"Surukata ce, Likita."

Ankra ya murza idanunsa. Ya ce in naman yana cikin kwalba da ruwan maganinsa, ko shekara ya yi a ƙasa ba abin da zai same shi. Su tono, su kawo, shi da kansa zai kai.

"In ba ya ciki fa?" Ayishetu ta tambaya.

"To ban sani ba, kuma ba zan sani ba."

"Ba za ka iya dubawa ka gani ba?"

"Irin naki ba ya zama a fili. Ta ciki yake girma. Kafin idona ya gan shi ya yi nisa." Ya jingina da kujera. "Hanya biyu ce. Ko in cire mahaifar yanzu, ki huta da maganar. Ko mu bar ta, ki riƙa zuwa ina dubawa, mu yi fata. Wataƙila babu komai. A ganina na yanke da nisa. Amma ido ba madubi ba ne."

"Kai wacce za ka bi?"

"Ki je ki nemo kwalbar tukuna."

A cikin tiro-tiro, motar haya, ba su yi magana ba. Motar Nima ce, daga direba har mai kaji a kujerar baya kowa na jin Hausa. Ayishetu ta dafe mara duk lokacin da motar ta faɗa rami. Kusa da Kanda wata mata ta shigo ta miƙa mata jariri ta riƙe kafin ta gyara zani, kamar yadda ake yi. Ta riƙe. Yana warin hoda da nono. Ta mayar da shi.

Sai da suka sauka suka bi gefen babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi sannan ta buɗe baki.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Kina kwance, ɗinki bai kame ba."

"Ɗinki ya kame tuni."

"Na ɗauka zai ce ba komai. Na ce ai shi ya yanka, ya gani da idonsa."

"Kana zaune lokacin da ya yi bayani."

"Ina zaune."

"Ƙato da kai, kana ɗaga firiji kai kaɗai. Tsohuwa ta miƙo hannu ka kasa riƙe leda."

"Ke kin taɓa hana ta wani abu?"

Ba ta taɓa ba. Ta ƙara sauri har ɗinkin ya fara ja, sannan ta rage.

Mma Memunatu na zaune a tsakar gida tana tsince wake, ita da Awabu ta ɗakin kusa. Da safe wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi. Sauran yini na unguwa ne. Ita ake kira in mace na naƙuda, ita ake kira in mace ta rasu. Rabin yaran layin ta hannunta suka faɗo, kuma ita ta binne mabiyiyarsu.

"Ga amarya da ango," in ji Awabu. "Likita ya ce yaushe za mu ci shinkafar suna? Ni dai na riga na yi ɗinki."

Ta dubi fuskokinsu, ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Gafaru ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa ya gaisa, Mma ta amsa tana kallon faranti. Ya koma bencin ƙofar gida ya zauna.

"Mma, kwalbar da aka ba Gafaru."

"Ya faɗa miki." Hannunta bai tsaya ba. "Na ce masa ya bari ki warke. Ba magana ce ta mara lafiya ba."

"Ina take?"

Mma ta ajiye farantin, ta dafa gwiwa ta tashi, ta shiga ɗaki. Ayishetu ta ji ana jan akwati daga ƙarƙashin gado. Ashe ma kwalbar ba ta kai ƙasa ba. Mma ta fito da wani abu naɗe a tsohuwar jarida, ta miƙa mata.

Ba nauyi. Ta warware. Kwalbar na ƙyalli, murfinta a rufe, ba komai a ciki.

"Na wanke musu da sabulu da toka," in ji Mma. "Kayan gwamnati ne. Ki ba shi ya mayar musu, kada su ce mun riƙe."

"Abin da ke ciki fa?"

"Kin ji warin ruwan nan kuwa? Shi suke zuba wa gawa a mutuware. Hancina ya san shi. 'Yata tana raye a jiƙa namanta a ruwan matattu? Na wanke shi, na naɗe a farin ƙyalle, na yi bisimilla. Yana bayan ɗaki, gefen inda na sa mabiyiyarki." Ta koma ta zauna, ta jawo farantin. "Abin da ya fita daga jikin Musulmi ƙasa ake ba. Farce ma ba a yar da shi a kan hanya, balle wannan. Har Malam Hudu na tambaya, ya ce daidai ne. Su in sun gama yayyanka shi don koya wa yara, a shara za su zuba ko su ƙone. Ni da nake shiga wurin ɗauko gawa, na san abin da na gani."

Ayishetu ta ajiye kwalbar a ƙasa a hankali. Ta zauna a kan kujerar da Awabu ta bari.

Abin da ta gaya wa Mma tun farko shi ne ƙari ne ya tsaya a hanya, za a cire shi hanya ta buɗe. Ba ta faɗi sunan ciwon ba. 'Ya ba ta zama gaban uwa ta yi ta lissafa abin da ke ƙarƙashin zani, kuma ta san Mma, in ta ji sunan ba za ta sake barci ba.

Yanzu ta faɗa.

Hannun Mma ya tsaya a cikin wake.

"Wa ya ce?"

"Likita biyu."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

Ayishetu ta ja farantin zuwa gabanta. Ta ware waken gida biyu da gefen hannu, ta ɗauko tsakuwa daga waɗanda Mma ta tsince ta sa a ɓangare ɗaya. Ta ce nan ne aka yanke. In tsakuwar tana tsakiyar abin da aka cire, an gama. In tana bakin layi, akwai 'yar'uwarta a ɗaya ɓangaren. Ba don yara suke so su duba ba. Bakin layin suke so su gani. Shi zai ce a bar mahaifa ko a cire.

Mma ta daɗe tana kallon farantin.

"Ba wanda ya gaya mini."

"Na sani."

"Shi ma da na karɓa bai ce komai ba. Kansa a ƙasa."

"Na sani, Mma."

Mma ta tashi. Ta ɗauki tsohuwar wuƙar da take fasa itace da ita, ta bi lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga. Ayishetu ta bi ta. Wurin bai kai mutum biyu su jera ba. Akwai rabin bulo a jikin katanga. Mma ta ture shi, tururuwa suka watse. Ta durƙusa ta fara tono. Ita ce mai cewa abin da aka ba ƙasa ba a karɓa, ta sha korar yara daga lungun nan da bulala. An yi ruwa sosai tun lokacin, ƙasar ta yi laushi. Ta ajiye wuƙar ta ci gaba da yatsu.

Ƙyallen ya fito, ya koma kalar ƙasa. Ta ɗora shi a tafin hannu ta kwance ƙullin. Ayishetu ta leƙa ta kafaɗarta. Ba ta daɗe tana kallo ba. Ba sai likita ya gaya mata ba.

"A kai musu haka?" Mma ta tambaya.

"A'a."

"Wataƙila madubin nasu..."

"A'a, Mma."

Suka tsaya a lungun. A wani gida rediyo na ta waƙa, sai ya yi shiru tsakiyar baiti. An ɗauke wutar Mamobi.

"Ke kin gan shi," in ji Ayishetu. "Ke kaɗai kika riƙe shi. Gefensa yaya yake?"

"Nama ne."

"Ki tuna. Ko akwai wurin da ya yi fari, ko tauri. Kusa da inda wuƙa ta bi."

Mma ta rufe ido. Ta yi ƙoƙari, har goshinta ya tattare.

"Ban duba don wannan ba. Ina wankewa ina kuka, idona ba ya gani sosai. Ƙarami ne. Na ce ashe ɗan wannan ne ya hana 'yata zama."

Ta sake ƙulle ƙyallen, ta mayar, ta tura ƙasa, ta danna da tafin hannu. Ta ɗora bulon. Da za ta tashi sai da ta kama katanga.

"Na wanke gawar mata masu wannan ciwo," ta ce, fuskarta ga katangar. "Ta ƙarshe Fusena ce, ta gidan Ziblim mahauci. Kin san ta, ta girme ki kaɗan. Turaren da muka ƙona a ɗakin nan..." Ta bari. "Ba zan ce miki yi kaza ba. Bakina ya fita daga maganar nan."

Ta wuce ta ɗauki buta. La'asar ta yi.

Ayishetu ta fita ƙofar gida ta zauna kusa da Gafaru. Bai tambaya ba, ya ga ƙasar da ke gefen zaninta. Yara na buga ƙwallon leda a layin. Mai sayar da cukun wagashi ta wuce da tire a ka.

"A bar ta," in ji shi. "Ya ce ya yanke da nisa. Mutumin nan ya san aikinsa. Mu je mu riƙa dubawa, Allah na nan."

"Allah na nan."

"Kin sha wuya kafin ki samu wanda zai yi miki wannan aiki. Kin rufe rumfa, kin bi gari. A ce duk a banza?"

"Ka san abin da nake yi tun da aka sallame ni? Ba na shiga bayan gida in fito ban duba zani ba. In marata ta murɗa sai in ce shi ne. Jiya ƙosai na ci ya ɓata mini ciki, na zauna ina tunanin wa zan bar wa rumfa. Na daure don na san akwai ranar da za a ce mini e ko a'a. Yanzu babu ranar."

"Za ki saba."

"Da me?"

Ya juya yana kallon yaran.

"A ce ma na samu cikin," ta ce. "Na haifa. Yana rarrafe, abin ya fito. Wa zai goya shi? Mma? Ka ga yadda ta tashi daga durƙuso yanzu?"

"Ni ban ce dole sai kin haifa mini ba."

"Ba don kai nake so ba."

Ta faɗa ba da faɗa ba, shi ma bai ɗauka da zafi ba. Ƙwallon ya gangaro wurinsu, ya tura shi da ƙafa.

Ta yi suna a ranta tun kafin aure, na mace da na namiji. Akwai atamfa turmi ɗaya a ƙasan akwatinta wadda ta saya a kasuwar Makola ta ƙi kai wa tela, ta ajiye don goyo. Ta tuna da ita yanzu, kalarta da inda take kwance, ba ta ji komai ba sai gajiya.

"Gobe ka raka ni," ta ce. "In gaya masa ya sa rana."

Gafaru ya sunkuyar da kai. Daga cikin gida ana jin Mma tana sallah, muryarta na fita fiye da yadda ta saba.

"In sun cire," ya ce a hankali, "ita ma za su duba ta."

Ta dube shi.

"Haka suke yi, ko ba haka ba? Duk abin da suka yanke sai sun sa a madubi. Za su ce akwai saura ko babu."

Wannan bai zo mata a rai ba. Ta juya maganar a ranta. In sun ce akwai, to wuƙar farko ba ta isa ba, ko an binne ko ba a binne ba nan za a zo. In sun ce babu, mahaifa ce lafiyayya aka cire, kuma kowa a gidan nan ya san dalili. Mma za ta ci gaba da zuwa inda aka kira ta, tana karɓar 'ya'yan mutane da hannun nan, tana dawowa tana wuce lungun nan kullum.

"Kai za ka kai," in ji Ayishetu. "In sun kulle ka zauna a ƙofar har su buɗe, ko kwana nawa ne. Kai za ka karɓo amsar. Ni ba zan shiga ɗakin ba, zan gaya wa Likita da kai zai yi magana."

"To."

"Ko me suka ce, ka zo ka gaya wa Mma an samu ciwon a ciki."

"In babu fa?"

"An samu."

"Ayi, ki ce in dubi tsohuwar nan in yi mata ƙarya?"

"Ai ba ka duban ta. Kanka a ƙasa yake."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, dariyar ta mutu nan take. Ya goge fuska da tafin hannu.

"Ke fa?"

A ciki Mma ta yi sallama. Ba a ji ta naɗe tabarma ba.

"Ni ma haka za ka gaya mini," in ji Ayishetu. Ta miƙa masa hannu ya tashe ta.